SSD ɗina na nuna kashi 88: lokacin canza shi ya yi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da laftof da nake aikin gyaran bidiyo da ita. SSD ɗinta, wato faifan da ke ajiye bayanai, irin NVMe ne mai gigabait 500, shekara uku ke nan ina amfani da shi. Kwanan nan na saka CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ta nuna min lafiyarsa kashi 88 cikin 100, an rubuta terabait 41 a kansa, sannan wani layi mai suna "Unsafe Shutdowns" yana nuna 160. Idan ina fitar da bidiyo zafinsa kan kai digiri 68, wani lokaci kuma kwamfutar takan tsaya cak na 'yan daƙiƙu. Abokina ya ce da zarar SSD ya sauka ƙasa da 90 ya kama hanyar mutuwa, in canza tun wuri. Gaskiya ne? Ta yaya zan gane lokacin canzawa ya yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka haɗa wuri ɗaya: ko kashi 88 alamar haɗari ce, da kuma irin alamar da ke sa a cire SSD a saka wani. Amsar ta farko gajera ce, kashi 88 bayan shekara uku lafiya lau ne, kuma babu wata doka ta "ƙasa da 90" a wajen masu ƙera waɗannan na'urori. Abin da ya fi jan hankalina a saƙonka shi ne tsayawar nan da kwamfutar ke yi, zan dawo kanta. Amma bari mu fara da lambar da ta tayar maka da hankali, domin idan ka gane abin da take ƙirgawa, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Abin da kason yake aunawa

SSD ba shi da abin da ke juyawa a cikinsa kamar tsohon faifan HDD. Bayananka suna zaune ne a cikin ƙananan ƙwayoyi da ake kira NAND, kowace ƙwaya tana riƙe da ɗan cajin lantarki, yawan cajin kuma shi ne ke nuna abin da aka adana. Karantawa ba ta cin ƙwayar wani abin a zo a gani. Rubutu da gogewa ne ke cin ta, domin duk lokacin da aka tilasta lantarki ya ratsa siririn shingen da ke tsare cajin, shingen yana ƙara rauni, har wata rana ya kasa riƙewa yadda ya kamata. Yawancin SSD na yanzu irin TLC ne, inda ƙwaya ɗaya ke rarrabe matakan caji takwas, kuma takan jure gogewa sau 1,000 zuwa 3,000. Masu araha da yawa QLC ne, matakai 16 a ƙwaya ɗaya, tazarar da ke tsakanin mataki da mataki ta ƙara matsewa, don haka juriyarsu ba ta kai ta TLC ba.

A cikin faifan akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai kula da wannan duka. Ita ce ke rarraba rubutu ko'ina don kada wani ɓangare ya mutu ya bar sauran, ita ce kuma ke ƙirga sau nawa aka goge kowane ɓangare. Sai ta kwatanta wannan adadi da abin da kamfani ya ƙiyasta ƙwayoyin za su jure, ta fitar da kaso. A faifan NVMe, wato nau'in SSD mai sauri irin naka, layin da ke nuna wannan kaso yana ɗauke da sunan "Percentage Used", naka yana kan 12, CrystalDiskInfo kuma ta cire 12 daga 100 ta nuna maka 88. Ka ɗauke shi kamar mitar da ke ƙirga kilomita a mota. Tana gaya maka nisan da aka yi, ba ta san komai game da lafiyar injin ba.

Yanzu mu yi lissafi da lambobinka. Kamfanoni suna bayyana juriyar faifai da adadin terabait da za a iya rubutawa a kansa, abin da suke taƙaitawa da TBW. Samsung 970 EVO Plus mai gigabait 500, alal misali, garantinsa terabait 300 ne ko shekara biyar, duk wanda ya riga zuwa. Crucial P3 mai girma ɗaya, wanda QLC ne, terabait 110 ne. Kai ka rubuta terabait 41 a shekara uku, wato kusan gigabait 37 kowace rana, ka cinye kashi 12. Kashi 4 ke nan a shekara. Idan ka ci gaba da aiki a haka, sai ka ƙara fiye da shekara 20 kafin mitar ta cika, kuma laftof ɗin kanta ba za ta kai lokacin ba.

Wani lokaci za ka ga kason yana sauka da sauri fiye da yadda terabait ɗin suka nuna. Dalili shi ne SSD yana rubutu a ƙananan shafuka, amma ba ya iya gogewa sai babban ɓangare gaba ɗaya. Kafin ya goge ɓangare, dole ya kwashe bayanan da ke da amfani a ciki ya sake rubuta su a wani wuri. Saboda haka gigabait ɗaya da ka aika masa kan zama biyu ko uku a cikin ƙwayoyin, kuma abin yana ƙaruwa idan faifan ya cika maƙil, don ba shi da filin juyawa.

Ko cikar mitar ma ba mutuwa ba ce. Ƙa'idar NVMe ta yarda layin "Percentage Used" ya wuce 100, har zuwa 255. Daga 2013 zuwa 2015 shafin The Tech Report ya yi ta rubutu dare da rana a kan SSD guda shida don ya ga inda za su faɗi. Dukkansu sun wuce terabait 700 kafin su mutu, Samsung 840 Pro mai gigabait 256 kuwa ya haura terabait 2,400. Abin da ke raguwa da gaske idan ƙwayoyi suka tsufa shi ne daɗewar riƙe bayanai ba tare da wuta ba. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke gindaya ma'auni ga irin waɗannan na'urori, ta ce SSD na amfanin yau da kullum da ya cinye juriyarsa duka ya iya riƙe bayanai shekara ɗaya a kashe, a zafin digiri 30. Don haka tsohon SSD da ya sha rubutu bai dace a zuba masa hotunan iyali a jefa shi a durowa shekara da shekaru ba.

Layukan da nake fara dubawa

Idan aka kawo min kwamfuta ana zargin SSD, babban kason da ke sama shi ne na ƙarshe da nake kallo. Kafin komai, ka gyara yadda CrystalDiskInfo ke nuna lambobin ƙasa, domin a tsarinta na asali tana rubuta su da ƙirgar da ke haɗa lambobi da haruffa, inda 10 ke nufin goma sha shida. A cikin saitunanta akwai wurin mayar da su ƙirgar goma-goma da muka saba. Mai amfani da Linux zai sami bayanan nan duka da umarnin smartctl.

Layi na farko shi ne "Critical Warning", kuma dole ya zama sifili. Faifan da kansa ne ke ɗaga wannan tuta, a kan dalilai ƙididdigaggu: ƙwayoyin ajiya sun kusa ƙarewa, zafi ya wuce iyaka, amincin ƙwayoyin ya lalace, ko faifan ya kulle kansa ya daina karɓar rubutu. In ban da na zafi, wanda kan sauka idan faifan ya huce, kowanne daga cikinsu yana nufin ka kwashe kayanka yau. Wannan tutar ce Windows 10 da 11 ke dogaro da ita idan suka aiko maka da sanarwar cewa na'urar ajiya tana cikin haɗari.

Na biyu shi ne "Available Spare". Kowane SSD yana da ƙwayoyin da aka ɓoye, ba ka ganinsu a girman faifan, aikinsu irin na tayar sifiya ne. Idan wani ɓangare ya lalace, ƙwaƙwalwar faifan ta ajiye shi gefe ta ɗauko sabo daga cikinsu. Wannan layi yana farawa daga 100, a ƙarƙashinsa kuma akwai iyakar da kamfani ya gindaya, sau da yawa 10. A faifai mai lafiya yakan zauna a 100 shekara da shekaru. Idan na ga faifan da ya cinye kashi 12 kacal na juriyarsa amma ajiyarsa ta sauka zuwa 80 ko 70, hankalina yakan tashi fiye da a ce na ga wanda ya cinye kashi 60 ajiyarsa tana 100, domin na farkon ƙwayoyinsa suna mutuwa tun lokacinsu bai yi ba.

Na uku, wanda na fi ba wa nauyi, shi ne "Media and Data Integrity Errors". Yana ƙirga lokutan da faifan ya yi ƙoƙarin karanta wani abu, ya yi amfani da duk dabarun gyaran kuskure da yake da su, ya kasa. Ma'ana wani ɗan yanki na bayananka ya ɓace. Kada ka rikita shi da layin da ke bi masa, mai ƙirga yawan rahotannin kuskure, wanda a wasu faifai yakan kai dubbai ba tare da wata matsala ba, saboda kawai kwamfutar tana aika umarnin da faifan bai sani ba duk lokacin da aka kunna ta. Mutane da yawa sun sayi sabon SSD saboda wannan layi, alhali nasu ƙalau yake.

Ga masu SSD irin SATA, wato tsohuwar hanyar haɗa faifai da kwamfuta kafin NVMe, sunayen sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma lambobin layi suna taimakawa. Lamba 5 tana ƙirga ɓangarorin da aka maye gurbinsu, 187 kurakuran da aka kasa gyarawa, 199 kuma kurakuran da suka faru a kan hanya tsakanin faifai da kwamfuta. Wannan ta ƙarshe kusan kullum laifin waya ce ko mahaɗa. An taɓa kawo min kwamfutar tebur da ke daskarewa, mai ita har ya riga ya sayi sabon faifai, ya zo a kwafe masa kaya kawai. Da na duba, lamba 5 da 187 sifili ne, 199 ce ta taru da yawa. Na canza wayar SATA, ƙirgar ta tsaya inda take, daskarewar ta ɗauke. Ƙirgar ba ta komawa sifili ko an gyara, abin dubawa shi ne ko tana ƙaruwa.

Wannan ya shafi dukkan layukan. Lamba ɗaya a rana ɗaya ba ta ba da cikakken labari. Ka ɗauki hoton allon yau, ka sake ɗauka bayan mako biyu, ka kwatanta. Ɓangare biyu da suka lalace tun shekarar farko suka tsaya a biyu, ana iya zama da su ana sa ido. Biyu da suka zama tara, suka zama talatin, wannan faifan yana rushewa ne. Binciken da Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto ta yi tare da ma'aikatan Google, wanda aka gabatar a 2016 bayan nazarin faifan cibiyoyin bayanan kamfanin na shekara shida, ya nuna haka: faifai ko dai yana da ɓangarori marasa kyau 'yan ƙalilan, ko kuma yana da su da yawan gaske, da zarar sun wuce 'yan ƙalilan ɗin sai su yi ta hauhawa. Binciken ya kuma gano cewa shekarun faifai suna da nasu tasirin a kan kurakurai, ko da ba a yi rubutu mai yawa a kansa ba.

Kashewar bazata, zafi, da tsayawar da kake gani

Lambar 160 da ka gani tana ƙirga lokutan da wuta ta yanke wa faifan ba tare da kwamfuta ta sanar da shi ba: batir ya ƙare, ko ka danne maɓallin kashewa, a wasu kwamfutocin ma har yanayin barci kan ƙara ta. Ita kanta ba lalacewa ba ce. Sai dai kowace irin wannan yankewa kasada ce, domin faifan yana riƙe da taswirar da ke nuna inda kowane bayani yake a cikin ƙwayoyin, idan wuta ta yanke yana tsakiyar sabunta ta, akwai yiwuwar ta rikice. Ka rage yawanta gwargwadon iko, amma ba dalilin canza faifai ba ce.

Digiri 68 yana bakin iyaka. Yawancin SSD na kasuwa an tsara su su yi aiki tsakanin digiri 0 da 70 a ma'aunin Selshiyos, idan suka kai wajen nan sai su rage gudu da kansu don su huce. Ka share ƙurar fanka, ka ɗaga laftof ɗin iska ta shiga ta ƙasa, ka duba ko ɗan lallausan abin da ke ɗauke zafi daga kan faifan yana nan a manne.

Ruwa ba ya tsami banza, tsayawar nan tana da dalili, kuma guda uku nake zargi. Na farko zafin da muka ambata, idan tana faruwa ne kawai lokacin fitar da bidiyo. Na biyu cikar faifai. SSD yana ware wani yanki yana rubutu a cikinsa da sauri, idan yankin ya cika a tsakiyar babban aiki gudun yakan faɗi warwas, faifai mai gigabait 500 a hannun mai aikin bidiyo kuwa da wuya a same shi ba a cike ba. Ka bar aƙalla kashi 15 zuwa 20 babu komai ka ga ko za ta daina. Na ukun shi ne mai ban tsoro: faifan yana fama da karanta wani wuri, yana ta maimaitawa. Hanyar rarrabewa ita ce ka buɗe Event Viewer, wurin da Windows ke ajiye rahoton abubuwan da suka faru, ka shiga rahotannin tsarin kwamfuta, ka nemi lokacin da ta tsaya. Lamba 7 daga faifai tana nufin an ci karo da ɓangare marar kyau, 153 an maimaita wani karatu ko rubutu, 129 kuma faifan ya yi shiru har sai da aka sake tayar da shi. Idan waɗannan suna maimaituwa, ga sanyi ga fili, to ka ɗauki faifan a matsayin marar lafiya ko da CrystalDiskInfo tana nuna shuɗi, launin da take nuna lafiya da shi.

Mutuwar da ba ta sallama

Akwai iyakar da waɗannan lambobi ba sa wucewa, kuma wajibi ne in faɗa maka ita. Suna ba da rahoto a kan ƙwayoyin NAND ne, kuma ƙwaƙwalwar faifan ce ke rubuta rahoton. Idan ita ce ta samu matsala, ko manhajar da ke cikinta, ko ɓangaren da ke raba wuta, babu mai ba da labari. A cikin matattun SSD da suka ratsa hannuna, waɗanda rubutu ya cinye ba su da yawa. Akasarinsu an kashe kwamfuta da dare lafiya, da safe aka kunna ba ta ganin faifan kwata-kwata. Na tuna wata ɗaliba da ta kawo laftof da aikin bincikenta na kammala karatu a ciki. Makonni kaɗan kafin nan na duba faifan da kaina, yana kashi 98, babu kuskure ko ɗaya. Ba mu samo komai daga cikinsa ba, har yau abin yana damuna.

Matsalar manhajar cikin faifai ta sha faruwa a fili. A 2019 kamfanin HPE ya gargaɗi abokan cinikinsa cewa wasu SSD na manyan kwamfutoci za su mutu daidai lokacin da suka cika awa 32,768 a kunne, saboda kuskuren ƙirga, idan ba a sabunta su ba. A farkon 2023 masu Samsung 990 Pro sun ga kason lafiya yana zubewa cikin makonni, kamfanin ya fitar da sabuntawar da ta tsayar da zubewar, amma kason da ya riga ya tafi bai dawo ba. Saboda haka ka saka manhajar kamfanin da ya ƙera naka, irin su Samsung Magician ko Crucial Storage Executive, ka duba ko akwai sabuntawa. Ka kwafe kayanka kafin ka yi, kuma laftof ta kasance a jone da caja.

Ceto bayanai daga mataccen SSD ya fi na HDD wuya nesa ba kusa ba. Bayanan a warwatse suke cikin ƙwayoyi bisa taswirar da ƙwaƙwalwar faifan kaɗai ta sani, da yawa kuma a rufe suke da mabuɗin sirri da ke cikinta. Fayil ɗin da ka goge da kuskure ma, umarnin TRIM, wanda kwamfuta ke gaya wa faifai da shi cewa an gama da wani wuri, yakan sa faifan ya share shi da gaske cikin ɗan lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙe kwafi uku na duk abin da ba za ka iya jure rashinsa ba: wanda kake aiki da shi, ɗaya a faifan waje da ba ya zama a jone kullum, ɗaya kuma a wani wuri daban ko a ma'ajiyar intanet. Mai irin wannan kwafi yana iya ci gaba da amfani da faifai mai kashi 40 hankali kwance.

To yaushe za a canza?

Ni dai ga yadda nake yanke hukunci. Idan tutar gargaɗi ta tashi ba don zafi ba, ko faifan ya ƙi karɓar rubutu, ko kurakuran karatu da ɓangarorin da aka maye suna ƙaruwa tsakanin dubawa biyu, ko yana ɓacewa daga kwamfuta yana dawowa, ina canza shi nan take, komai kyan kasonsa. Idan kurakurai sifili ne, kason ne kawai ke sauka, ina bari sai ya kai wajen 20 ko 10 in shirya canji a natse, ga kwamfutar da ake neman abinci da ita kuma nakan yi da wuri. Faifan da ya haura shekara shida ko bakwai nakan matsar da shi zuwa aikin da asararsa ba za ta yi ciwo ba. Idan kuma alamun lalacewa suka bayyana garanti bai ƙare ba, hoton allon nan da ka ɗauka shi ne hujjarka wajen kamfani.

Naka ban gan shi ba, kuma layuka ukun da suka fi muhimmanci ba sa cikin saƙonka. Idan ka duba ka sami gargaɗi sifili, ajiya 100, kurakuran karatu sifili, Event Viewer kuma babu 7 ko 129 ko 153, ka bar faifanka, ka rage masa kaya, ka magance zafi. Idan ma za ka canza, ƙarancin wuri ne zai sa, don gigabait 500 ya yi wa aikin bidiyo kaɗan.

Idan kuwa ka tarar da kurakurai, tsarin kwashewa yana da muhimmanci. Kada ka fara da gwajin gudu, ko binciken faifai gaba ɗaya, ko sake saka Windows, duk suna ƙara masa nauyi a lokacin da ƙarfinsa ya rage. Ka fara kwafe manyan abubuwanka da hannu, mafi muhimmanci a gaba: takardu, ayyukan mutane da ba ka miƙa ba, hotuna. Bayan sun tsira sai ka gwada kwafe faifan dungurungum zuwa sabo da manhajar Clonezilla. Idan ta tsaya a wuraren da ba sa karantuwa, wata manhaja mai suna ddrescue tana tsallake su ta kwashe masu kyau tukuna, sannan ta dawo ta sake gwada waɗanda suka ƙi. Faifan da ya kulle kansa a yanayin karatu kaɗai kuma, kada ka yi ta kashewa da kunnawa kana fatan ya warware, domin wasu ba sa sake tashi bayan an yanke musu wuta. Ka kwashe komai a wannan zaman, tun yana kunne.